Darasi na Bakwai: Gano Abin da Ke Tura Mutum Kafin Ka Ba Shi Amsa

Ma'aikaci ya ce wa shugabansa, "Wannan aikin ba zai yiwu yau ba." Kalmomi bakwai ne kacal, amma abin da ke ƙarƙashinsu yana iya bambanta. Wataƙila ya gaji ne. Wataƙila bai iya aikin ba, yana kuma jin kunyar faɗa. Wataƙila jiya an yaba wa wani a kan aikin da shi ya sha wahalarsa, ya kwana yana cika yana batsewa. Idan shugaban ya ce, "Ai dole ka yi," aikin zai iya tafiya yau, amma gobe matsalar za ta dawo da wata fuskar. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka gano dalilin da ke bayan magana, da yadda za ka tsara taka maganar ta shiga.

Abin da masu bincike suka gano

A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Abraham Maslow, ya jera buƙatun mutum hawa biyar: buƙatun jiki, tsaro, zama cikin jama'a, mutunci, da cika burin kai. Ba kowa ne ke bin hawan a jere ba, amma jerin yana tuna mana abu guda: wanda ke fargabar za a kore shi gobe ba zai saurari zancen ƙarin girma na baɗi ba.

Binciken da ya fi amfani ga wurin aiki shi ne na Frederick Herzberg da abokan aikinsa, wanda aka buga a 1959. Sun tattauna da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, suka nemi kowa ya tuna lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai da lokacin da ya ji ɗacinsa. Sai amsoshin suka rabu gida biyu. Ɓacin rai ya fi fitowa daga dokokin ma'aikata, da halin shugaba, da albashi, da yanayin wurin aiki. Jin daɗi kuma ya fi fitowa daga cin nasara, da a san ƙoƙarinka, da a damƙa maka amana, da ci gaba. Ma'ana, gyara abin da ke ɓata wa mutum rai zai sa ya daina ƙorafi, amma ba lallai ya sa shi zage damtse ba. Shi ya sa yabo ba ya maganin albashin da ya makara, ƙarin kuɗi kuma ba ya daɗewa yana faranta wa wanda kullum ake gwasale shi a gaban jama'a.

Alamomi biyar da za ka saurara

Mai neman kwanciyar hankali yana yawan tambayar "Idan bai yiwu ba fa?" da "Wa zai ɗauki laifin?" Sau da yawa ana masa kallon rago ko mai jan ƙafa, alhali tsoro ne. Abin da yake so ya ji shi ne iyakar aikin, da ranar gamawa, da wanda zai tuntuɓa idan abu ya caɓe.

Mai neman mutunci za ka ji yana cewa "Ba a faɗa min ba" ko "Ni ne na ƙarshen ji." Ka lura, yawanci ba shawarar da aka yanke yake ƙi ba, tsallake shin da aka yi ne ya sosa masa rai. Wannan buƙata tana yawan haddasa rigima a gida da wurin aiki, domin da wuya mutum ya fito fili ya ce an taɓa masa girma. Sai ya kama wani ƙaramin abu, kamar lokacin taro ko wurin da aka ajiye kujera, ya yi ta gardama a kai. Duk lokacin da ka ga zafin musu ya fi girman abin da ake musun a kai, ka duba ko mutunci aka taɓa.

Mai son ikon zaɓi yana cewa "Bar ni na yi yadda na saba." Ka faɗa masa sakamakon da ake so, ka bar masa hanya. Mai son ƙwarewa yana tambayar "Ya ka ga aikin?" kuma "ya yi kyau" ba ta isarsa, sai ka nuna masa ainihin wurin da ya yi kyau. Mai son zumunci kuwa yana fara tambayar su wa za a yi aikin da su kafin ya tambayi aikin kansa.

Mutum ɗaya yana iya ɗaukar biyu ko uku daga cikin waɗannan, kuma suna sauyawa. Wanda bara burinsa ƙwarewa ne, bana da ɗawainiyar iyali ta ƙaru yana iya komawa neman kwanciyar hankali.

Matakai huɗu

Na farko, lura. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar rana ɗaya tana yaudara. Ka ɗauki aƙalla mako guda kana duba abu uku: maganar da yake maimaitawa, abin da ke saurin ɓata masa rai, da aikin da yake yi ba tare da an sa shi ba. Na ukun ya fi sauran gaskiya.

Na biyu, tambaya, a keɓe, lokacin da rai ya sauka. Ka guji "Me ya sa ba ka yi ba?" domin kunne yana jinta a matsayin tuhuma, sai mutum ya shiga kare kansa. Ka ce, "Wane ɓangare ne ya fi ba ka wahala?" ko "Me zai sauƙaƙa maka?" Bayan ka tambaya, ka yi shiru, ka ƙirga biyar a zuciyarka. A nan yawancin mutane ke faɗuwa. Shirun yana musu nauyi, sai su cike shi da nasu zaton. Amsar farko sau da yawa ta kunya ce, ta biyun ce ke ɗauke da dalilin.

Na uku, mayar masa da abin da ka ji da naka kalmomin, a jimla ɗaya ko biyu, ka bari ya gyara maka. Idan ya ce "A'a, ba haka ba ne," ba ka yi asara ba, domin gyaran da zai biyo baya shi kake nema.

Na huɗu, tsara buƙatarka da sassa uku: abin da kake so, lokacin da kake so, da yadda ya shafi abin da ke damunsa.

Ga yadda za ta kasance tsakanin shugaba da ma'aikaciyar da ta ƙi karɓar sabon tsarin rubuta kayan da suka shigo:

"Malama, na ga sabon tsarin bai kwanta miki ba. Wane ɓangare ne ya fi damunki?"
"Ba komai, Yallaɓai. Tsohon ma ai yana aiki."
Shugaban ya yi shiru, bai katse ta ba.
"Shekara shida ina riƙe da littafin nan, babu wanda ya tambaye ni kafin a canza."
"Wato ba tsarin ne matsalar ba, rashin jin ta bakinki ne."
"Haka ne."
"To, daga yau zuwa Alhamis ki duba shi, ki rubuta min inda kika ga zai ba mu matsala. Ke kika fi kowa sanin littafin."

Shugaban bai janye tsarin ba, bai kuma yi alkawarin da ba zai cika ba. Ya ba ta gurbi a cikin aikin. Amma fa ranar Alhamis dole ya karanta abin da ta rubuta, in ba haka ba ya ɓata fiye da yadda ya gyara.

Na ƙasa ma yana iya amfani da wannan ga na sama. Shugaban da kullum yake tambayar "Ina aka kwana?" yawanci tsoron a ba shi kunya a gaban nasa shugaban yake yi. Ka riga shi: "Ranka ya daɗe, an gama kashi biyu cikin uku, saura zuwa gobe da rana." Za ka ga sa-idon ya ragu. Haka a gida: yaron da ya ƙi aike yana iya karɓa idan aka ce, "Yanzu za ka je ko bayan ka gama wannan?" domin an bar masa zaɓi.

Inda ake samun matsala

Kuskure mafi yawa shi ne auna kowa da ma'aunin kanka. Mai son yabo yana ta yabon wanda abin da yake buƙata shi ne a bar shi ya yi aikinsa, sai ya yi mamakin rashin godiya.

Na biye da shi, saurin ɗora laifi a kan hali. Idan kai ka makara, cunkoson hanya ne. Idan wani ya makara, ai dama ba shi da tsari. Masanin halayya Lee Ross ya raɗa wa wannan karkata suna a 1977, kuma kusan kowa yana yinta. Maganinta, kafin ka yanke hukunci ka kawo dalilai biyu na yanayi da za su iya sa mai hankali ya yi abin da ya yi.

Lada ma tana iya ɓata abu. A gwajin da masanin halayya Edward Deci ya buga a 1971, ɗaliban da aka biya don warware wasan wasa ƙwaƙwalwa sun rage taɓa shi a lokacin hutu bayan an daina biya. Wanda ke aiki don yana sonsa, ka ƙara masa amana da 'yanci, kada ka mayar da kowane motsinsa ciniki.

Saƙon waya kuma ba wurin wannan aiki ba ne. Ba ya ɗaukar murya ko fuska, kuma mai ɓacin rai yana karanta gajeren saƙo da mummunar fassara. Idan kun yi musayar saƙo uku ba ku fahimci juna ba, ka kira ko ka je.

Akwai kuma iyaka tsakanin fahimta da yaudara. Gwajin mai sauƙi ne: za ka iya faɗa wa mutumin a fili dalilin da ya sa ka tsara maganarka haka? Idan ba za ka iya ba, wayo kake masa, kuma ranar da ya gane, ko gaskiya ka faɗa ba zai yarda ba.

Aikin gwaji

Ka zaɓi mutum ɗaya da kuke yawan saɓani. A takarda, ka rubuta jimla uku da yake yawan faɗa, sannan ka rubuta wace ce daga alamomi biyar ɗin nan ta fi kama da su. A ƙasa ka rubuta tambaya ɗaya da za ka yi masa wadda ba ta fara da "Me ya sa" ba. A zama na gaba, ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya yi tambayar, ɗayan ya amsa, sannan ku yi musaya. Kada a ambaci sunan kowa a aji.