Yadda za ka haɗa faifan wasan PlayStation 1 wuri guda a waya

Tun da na buga Metal Gear Solid a wayata a majalisarmu ta Jekadafari, kusan kullum sai an tare ni: "Yaya, wasan ya ce in sa faifai na biyu, ya zan yi?" To ga shi. Da DuckStation nake yi, manhajar da ke buga wasannin PlayStation 1 a waya.

1. Kwafe faifanka na asali zuwa kwamfuta. Kowanne zai ba ka fayil na .cue da na .bin.
2. Buɗe folda ɗaya, ka zuba su duka ciki.
3. Buɗe Notepad.
4. Rubuta sunan kowane .cue a layinsa, faifai na ɗaya a sama. Metal Gear layi biyu ne, Final Fantasy VII na 1997 kuwa uku.

Hattara, nan ake yawan tuntuɓe. Harafi ɗaya ka kuskure, ko ka bar tazara, wasan ba zai tashi ba. Ni kwafo sunan nake yi in manna.

5. Adana fayil ɗin a cikin foldar nan, da .m3u a ƙarshen sunansa. Duba kar ya koma .m3u.txt.
6. Tura foldar zuwa waya.
7. Buɗe wasan ta .m3u ɗin nan kawai.
8. In wasan ya ba ka damar sebin kafin canji, yi shi a katin ajiyarsa.
9. Dakatar da wasan, ka taɓa Change Disc.
10. Zaɓi faifai na gaba.
11. Ajiye kwafin foldar a filas. Faifan asali kuwa mayar da su kwalinsu, ƙurar hunturun Gombe ba ta raga wa faifai.