Hutu a jirgin ruwa kan Bahar Rum: shirin da za ku yi tun daga Sakkwato

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa otal ne da ke tafiya bisa teku. A kwana a Sifaniya, a wayi gari a Faransa, jibi ana Italiya, kuma akwatinku na nan inda kuka buɗe shi ranar farko. Manyansu kan ɗauki fasinja dubu huɗu, dubu biyar, har fiye, ban da ma'aikata. Ni da Alhaji mun shiga wanda ya tashi daga Barsalona, kuma ina ba mutanenmu shawarar wannan tafiya da zuciya ɗaya, musamman masu shekaru irina da gwiwa ta fara ƙorafi, waɗanda jan kaya daga otal zuwa otal ba zai bari su ji daɗin hutu ba. Sai dai ba a tsara jirgin da mu a rai ba. Salla, abinci da sutura duk ku ne za ku tanadar wa kanku, kuma yawancin wannan aikin a gida ake gama shi.

Biza ce farko, kada ku biya cikakken kuɗin ɗaki kafin ku fahimci wadda kuke buƙata. Sifaniya, Faransa, Italiya, Malta da Girka duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta wadatar. Ana nema a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, in kuwa kwanakin sun zo daidai, ƙasar da za ku fara shiga. Dole mutum ya je da kansa Abuja ko Legas a ɗauki zanen yatsunsa. Kuɗin babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da takardar jirgin mai jerin tashoshi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar barin Turai. Ana iya nema tun saura wata 6, ni kuma ina cewa ku yi amfani da wannan damar, domin samun ranar ganawa kaɗai yana cin lokaci, amsar kuma da aka ce ta kwana 15 tana iya kaiwa 45.

Ga wurin da ya kamata ku buɗe ido. In jirgin zai leƙa tashar da ba ta Shengen ba, kamar Tunis ko Santanbul, sannan ya koma Turai, to biza mai shiga sau ɗaya ta mutu daga ranar da kuka fita. Ku nemi mai shiga sau da yawa, ku rubuta dalili a fili a wasiƙar neman. Ku kuma tambayi kamfanin jirgin a rubuce me mai fasfon Najeriya ke buƙata a kowace tasha, don ana iya hana mutum hawa tun a bakin ruwa ko da ya ce ba zai sauka a can ba. Ga wanda zai fara, hanyar yamma ta fi sauƙi: Barsalona, Marsai, Jenowa, Cibitabekiya ta kusa da Roma, Falermo ko Nafoli, da Baleta ta Malta. Kamfanoni irin su MSC da Costa na zaga wannan layin a mako guda.

Batun lokaci, ku ɗauki Mayu, farkon Yuni, Satumba ko Oktoba. Yuli da Agusta hutun makarantunsu ne, farashi na sama, cunkoso ko'ina. Zafinsu ba zai ba Basakkwace tsoro ba, mu da muka san watan Afrilu, amma tsayuwa a layi cikin rana da dubban mutane ba hutu ba ne. Ku duba kalandar Musulunci ma, kada tafiyar ta faɗa cikin azumi.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III za ku sauka Abuja, daga nan Turai ta Santanbul ko Alƙahira ko wata hanyar. Ku isa garin da jirgin ruwan zai tashi da kwana ɗaya a hannu, biyu ma ba ɓarna ba ne. Kuɗin otal na dare guda bai kai asarar tafiyar gaba ɗaya ba, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar.

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai na alfarma. Na ciki ya fi araha, amma duhu ne dare da rana, ba ka sanin ketowar alfijir. In aljihu zai ɗauka, ku kama mai baranda. A nan mace za ta cire mayafi ta sha iska ba idon kowa, a nan na riƙa jan carbi bayan Asuba ina kallon gari na matsowa. Mai tsoron jiri ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Bahar Rum yawanci a kwance take lokacin zafi, amma tsakanin Barsalona da Marsai akwai iskar arewa da kan tayar da ruwa. Ku riƙe citta da maganin jiri daga gida.

Yanzu kaya, kuma 'yan'uwana mata da ku nake. Turaren wuta ba ya shiga jirgi. Kasko, gawayi, kyandir, dutsen guga, hita ta dafa ruwa, duk za a tsare su a na'urar bincike, domin gobara ce babbar abar tsoro a teku. Humra da turaren fesawa sun isa. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Yajin ƙuli da garin barkono kuwa su suka cece ni, don abincinsu salam yake a bakinmu. Ku saka buta ƙarama ta roba, bayin jirgi ba shi da ita. Ku saka darduma marar nauyi, da mahaɗin caji, tunda soket ɗinsu ba irin namu mai baki uku ba ne, da takalmi shimfiɗaɗɗe saboda titunan dutse, da rigar sanyi guda, don iskar saman jirgi da dare sai ka ce tsakiyar hunturu. Magungunan hawan jini da na suga su zauna a jakar hannu tare da fasfo. Akwatuna ana karɓarsu a tasha, ba sa isowa ƙofar ɗaki sai yamma, asibitin jirgi kuma kuɗi ne mai tsada.

Ranar hawa za a ɗauki hotonku a ba kowa kati. Shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗi, shi ake nunawa a fita da shiga. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto da ya wajaba a kan kowa: a nuna muku yadda ake sa rigar ceto da wurin da za ku taru in an busa ƙaho. Ku je, ku saurara da kyau. An tsaurara wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu.

Kuɗin da kuka biya ya haɗa ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da na zuba-da-kanka, da wasannin dare. Bai haɗa lemun kwalba, ruwan gora, intanet da yawon gari ba. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum a kowane dare, sama da Yuro 10, ku sa shi a lissafi tun farko. Za su yi ta tallar kunshin abin sha. Mafi tsadar na masu giya ne, ku tambayi wanda babu barasa, ko ku bar shi gaba ɗaya in ku ba masu shan zaƙi ba ne. Kada ku dogara da katin naira, ku riƙe katin asusun dala da ɗan Yuro a hannu. Da jirgi ya bar gaɓa, ku sa waya a yanayin jirgin sama, in ba haka ba ta kama layin tauraron ɗan adam na teku ta cinye kuɗinku kafin gari ya waye.

Salla ita ce ta fi ci mini rai kafin mu tashi, don haka na je wajen malaminmu na Islamiyya na zauna. Ya ce a yi ƙasaru, tafiya ce. Amma ya tuna mini cewa a mashhurin Malikiyya rangwamen haɗa salloli na tafiyar tudu ne, kuma mai salla a jirgin ruwa zai fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya ya juya tare da shi gwargwadon iko. Ku ma ku tambayi naku malamin. Abin da zan ƙara na gani da ido ne. Mu a Sakkwato gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa. A Bahar Rum gabas ce mai karkata kudu, kuma kuna ƙara yin gabas zuwa Girka da Turkiyya tana ƙara komawa kudu. Ƙarfen jirgi na rikita manunin alƙibla na waya, amma talabijin ɗin ɗaki na da tasha mai nuna taswira da inda jirgin ya sa gaba, da ita Alhaji ke gane gefen da za mu shimfiɗa darduma, tsakanin gado da ƙofar baranda. Lokutan ma sun bambanta. A Barsalona cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, Isha ta haura 11, alfijir kuma ya keto da wuri. Agogonsu a lokacin zafi ya ɗara namu da awa 1, na Girka da Turkiyya da awa 2. Abincin dare zama biyu ne, na farko da na biyu. Ku zaɓi na farko don ku gama kafin Magariba.

Abinci kuwa, ku sanar da kamfanin tun lokacin biyan kuɗi cewa ku Musulmi ne, sannan daren farko ku sami shugaban masu hidimar teburi ku maimaita. Ba kowane jirgi ke da naman halal ba, ku tambaya ƙarara. Alade na ɓuya a wuraren da ba a zato: cikin taliya, cikin miyar wake, kan fiza. Suna dafa shinkafa da nama da giya, wasu kayan zaƙin ma haka. Mu kifi muka riƙe, da ƙwai, burodi, zaitun da 'ya'yan itace, ba mu kwana da yunwa ba. Cikin ma'aikata akwai Musulmi 'yan Indunusiya da yawa. Wani yaro daga cikinsu da ya ji sallamata, kullum shi ke nuna mini tukunyar da zan tsallake, yana ce mini Mama. Allah ya yi masa albarka.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: akwai mashaya, akwai gidan caca, bakin wurin ninƙaya kuma tsiraici ne a idonmu. Mai tafiya da yara ya san da wannan. Jirgin na da girman da za ku iya kauce wa waɗannan wuraren, kuma ba wanda ya taɓa yi wa hijabina ko babbar rigar Alhaji kallon raini. Daren da aka ce kowa ya ci ado ma, hotonsa mutane suka riƙa nema.

A kowace tasha za a rubuta lokacin da kowa zai dawo, yawanci rabin awa kafin tashi. Ku ɗauki hoton allon da waya. In kun bi yawon da jirgin ya shirya, ko motar ta makara za a jira ku. In kun fita da kanku, ba mai jiran ku, sai ku biya kuɗin mota ko jirgi ku tarye shi a tasha ta gaba. Shi ya sa a Roma na fi son a bi na jirgin, domin daga Cibitabekiya zuwa cikin gari kusan kilomita 80 ne. Baleta kuwa daga bakin ruwa ake hawa lif zuwa cikin birni, ba ku buƙatar kowa. A Marsai ku nemi kasuwar Nowai, 'yan Aljeriya da Maroko ne cike, ga mahautan halal ga gasassun kaji. Falermo ta fi taɓa ni. Musulmi sun riƙe ta daga 831 zuwa 1072, kuma har yau hannun maginansu na nan a rufin cocin fadar sarakunan da suka gaje su. In jirginku zai tsaya Malaga ta Sifaniya, ku sayi tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke birnin Garnaɗa, tun kuna gida, yana ƙarewa da wuri, tafiyar kuma ta kusa awa 2 a mota. A Barsalona da Nafoli jaka ta dawo gaba, 'yan sane sun ƙware.

Daren ƙarshe za a ba ku alamar launi ku ɗaura wa akwatuna, ku ajiye su a ƙofar ɗaki kafin ku kwanta. Ku ware kayan da za ku sa da safe, da fasfo da magani. Ku duba takardar lissafinku tun da dare, layin masu gyara da safe yana da tsawo. Tikitin jirgin sama na dawowa ya kasance bayan Azahar, domin sauke dubban mutane daga jirgi ɗaya yana cinye safiyar gaba ɗaya.