Lissafin kuɗin awa da la'ada: inda ɗalibai suke tuntuɓe

Tambayar da ta haɗa kuɗin awa da la'ada ba ta da wani lissafi mai wuya. Tarawa ce da ninkawa da rabawa, abin da ɗan firamare ya iya. Duk da haka tana cinye makin masu shirin WAEC da NECO, don ɓarnar takan auku tun kafin a taɓa kalkuleta, wajen karanta tambayar. Ga wadda za mu yi aiki da ita:

Wani yaron shago a kasuwar waya ana biyansa naira 500 kowace awa, kuma yana aiki awa 40 a mako. Ban da haka, maigidansa yana ba shi la'ada, kashi 4 cikin 100 na cinikin da ya haura naira 200,000. A wani mako ya tashi da naira 32,000. Cinikin nawa ya yi?

Abin da ɗalibi mai gaggawa yake fara yi shi ne ya ga kashi 4, ya ga 32,000, ya haɗa su aure. Sai ya samu 1,280, ya rasa inda zai kai ta. Ai 32,000 ɗin nan kuɗi biyu ne a aljihu ɗaya: akwai na awa, akwai na la'ada. Raba su tukuna. Kuɗin awa 40 sau 500, wato 20,000. Cire shi, saura 12,000, ita ce la'adar. Duk inda ka ga kashi kaza cikin 100, tsaya ka tambayi kanka, "Kashi 4 na me?" Dillali a kasuwar shanu ta Wudil ba ya ruɗewa a nan, ya san daga kuɗin saniyar da aka sayar ake fitar masa da la'adarsa. To haka ma yaron shago, daga ciniki ake fitar da tasa.

Daga nan sai matsalar ɗigo. Kashi 4 cikin 100 shi ne 0.04, amma da yawa sukan rubuta 0.4, wanda kashi 40 ne. Mai wannan kuskuren zai raba 12,000 da 0.4 ya samu 30,000. Ko ba malami a kusa, hankali ya isa ya hana ka karɓar wannan amsa. Wane maigida ne zai ba yaro 12,000 a kan cinikin 30,000? In ɗigo yana rikita ka, bar shi, ka bi ta hanyar 'yan kasuwa: kashi 4 ya ba da 12,000, ke nan kashi 1 shi ne 3,000, kashi 100 kuma 300,000.

Nan ne kuma masu ƙoƙarin ma suke faɗuwa, kuma a ganina shi ne kuskuren da ya fi ciwo, don an riga an yi aikin duka. Ɗalibi ya samu 300,000, ya ja layi biyu a ƙasa, ya wuce tambaya ta gaba. Alhali 300,000 ɗin abin da ya haura 200,000 ne kawai. Dubu ɗari biyun farko ma ciniki ne, yaron ya sayar da kayansu, la'ada ce dai ba a ba shi a kansu ba. Sai an mayar da su: 300,000 da 200,000, cinikin makon naira 500,000 ke nan. Mai tsara tambaya da gangan yake saka wannan sharaɗi, kuma in tambayar ta zaɓi ce, kada ka yi mamakin ganin 300,000 zaune a cikin amsoshin tana jiran ka.

Masu son aljebra sukan ce ciniki shi ne x, su rubuta 20,000 + 0.04(x − 200,000) = 32,000. Tsarin ya yi daidai. Wajen buɗe baka ake yin ɓarin: a ninka x da 0.04, a bar 200,000 yadda take. Wanda ya yi haka zai ƙare da cinikin 5,300,000. Dole 0.04 ta taɓa duk abin da ke cikin baka, 200,000 ta koma 8,000. Sai a samu 0.04x = 20,000, x kuma 500,000. Ka rubuta matakan nan a takardar amsa ko da kana iya yinsu da ka, domin a ɓangaren da ake nuna aiki, masu maki suna ba hanya nata makin daban da na amsa.

Ɓangaren awa ma yana da nasa tarko idan aka sa mintoci. Awa 7 da minti 30 ba 7.30 ba ce, 7.5 ce, don awa minti 60 ce. A kan naira 500, na farko ya ba da 3,650, na daidai 3,750. Raba mintocin da 60 kawai: minti 45 ya zama 0.75, minti 15 ya zama 0.25. Minti 20 kuwa bar shi a sulusin awa, kar ka yanke shi zuwa 0.3.

Sai ƙarin lokaci, wanda ma'aikata ke ce wa obataim. In aka ce yaron ya yi awa 46, kuma duk awar da ta wuce 40 ana biyan ta ninki ɗaya da rabi, awa 6 ne kaɗai za su ci naira 750. Wato 20,000 da 4,500, jimla 24,500. Wanda ya ninka 46 duka da 750 ya ba yaron 34,500, ya yi kyauta da dubu goma ta maigida.

Kafin ka bar tambayar, ɗauki amsarka ka bi labarin da ita daga farko, kamar kai ne za ka biya yaron ranar Asabar. Cire 200,000 daga 500,000, saura 300,000. Kashi 4 nata 12,000, a haɗa da 20,000 na awa, 32,000 cif. Gwada 300,000 kuma ka gani: abin da ya haura 100,000 ne, la'adarsa 4,000, yaron ya tashi da 24,000, saura 8,000 bai kai abin da tambaya ta faɗa ba.