Yadda ake adana nau'in tsarin fayil na ɓangaren faifai a sikirif ɗin tashin kwamfuta

Duk mai shagon kwamfuta a Maraɗi da yake amfani da Linux ya san cewa faifan da ake kawo masa ba iri ɗaya ba ne: wani an tsara shi a Windows da NTFS, wani ext4 ne, filas kuwa galibi FAT32 ne ko exFAT. Idan kana son kwamfutar ta haɗa faifan ajiya da kanta duk lokacin da ta tashi, yana da kyau sikirif ɗin, wato fayil ɗin umarnin da take gudanarwa lokacin tashi, ya fara gano nau'in tsarin fayil ɗin, ya adana shi a ma'ajiya, wato baryabul, kafin ya taɓa komai.

Da farko, kada ka dogara da fdisk -l. Abin da yake nunawa alama ce da aka rubuta a teburin ɓangarori, kuma tana iya saɓawa da abin da ke ciki. Lamba 7, alal misali, NTFS da exFAT duka suna amfani da ita. Umarnin da ya dace shi ne blkid, wanda yake cikin util-linux, domin shi yana karanta sa hannun da ke jikin ɓangaren ne kai tsaye.

Mataki na biyu shi ne zaɓen sunan da ba ya canzawa. Faifan da yake /dev/sdb1 yau yana iya zama /dev/sdc1 gobe, don kawai wani ya manta filas a jiki kafin a ɗauke wuta. Mutane da yawa suna komawa ga lambar shaidar da ake kira UUID, amma a wannan aiki ni na fi son PARTUUID, wato lambar shaidar ɓangaren kansa, saboda UUID na tsarin fayil ne, da zarar an sake tsara ɓangaren sai ya canza, alhali sake tsarawar ce dalilin da ya sa muke binciken nau'in tun farko. Umarnin lsblk -o NAME,PARTUUID zai nuna maka lambar.

Sai ka rubuta sikirif ɗin:

#!/bin/sh
BANGARE=/dev/disk/by-partuuid/lambarka
udevadm settle
NAUI=$(/sbin/blkid -p -o value -s TYPE "$BANGARE")

Zaɓin -s TYPE yana ware nau'in kaɗai, -o value yana cire suna da alamomin zance ya bar ƙimar zalla, shi kuma -p yana sa a duba faifan kansa maimakon tsohon bayanin da aka adana. An rubuta cikakkiyar hanyar /sbin/blkid ne domin lokacin tashi PATH, wato jerin wuraren da ake neman umarni, yakan zama taƙaitacce, udevadm settle kuma yana jira har a gama rajistar na'urori. Kada ka bar tazara gaba ko bayan alamar =, in ba haka ba shel, wato manhajar da ke gudanar da sikirif ɗin, ba zai adana ƙimar a NAUI ba. Ka lura kuma na rubuta BANGARE da NAUI babu ƙugiya ko waƙafin sama, tunda sunan baryabul ba ya karɓar haruffanmu masu lanƙwasa.

Daga nan sai yanke hukunci:

case "$NAUI" in
ext4|xfs) mount "$BANGARE" /mnt/ajiya ;;
ntfs) mount -t ntfs-3g "$BANGARE" /mnt/ajiya ;;
vfat|exfat) mount -o uid=1000 "$BANGARE" /mnt/ajiya ;;
*) logger "nau'in da ba a sani ba: $NAUI"; exit 1 ;;
esac

FAT32 yana fitowa ne da sunan vfat. Layin da ya fara da * kuwa shi ne yake kama faifan da ba ya nan, wanda zai bar ma'ajiyar babu komai, da kuma irin su crypto_LUKS (ɓangaren da aka kulle da sirri) da LVM2_member (ɓangaren da ke ƙarƙashin LVM, tsarin tattara faifai) waɗanda ba a haɗa su kai tsaye.

Idan ɓangaren yana haɗe tun da farko, findmnt -no FSTYPE /mnt/ajiya ma yana aiki, sai dai NTFS da aka haɗa ta ntfs-3g zai fito a matsayin fuseblk, abin da ya taɓa cinye mini yammaci guda ina neman kuskuren da babu shi.

Abin da ya rage shi ne ka ba fayil ɗin izini da chmod +x, ka kira shi daga /etc/rc.local ko daga hidimar systemd mai ɗauke da After=local-fs.target. Kafin ka sake kunna kwamfutar, gwada shi da sudo sh -x, domin blkid -p yana bukatar ikon root, wato babban mai gudanarwa, kuma -x zai nuna maka ainihin abin da ya shiga NAUI layi bayan layi.