Yadda ake amfani da man goge baki mai sa haƙori fari ba tare da an cinye ɓawonsa ba

Irin wannan man ba ya canja ainihin launin haƙori. Kankare tabon goro, shayi da taba yake yi, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kaushi irin su silika. Ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan'adam, amma in ya zaizaye ba ya dawowa. Ƙarƙashinsa kuwa wani abu ne mai kama da ƙashi, mai launin ɗorawa, shi ya sa mai yawan dirza yakan wayi gari haƙoransa sun ƙara rawaya.

Ka fara da duba kwali. A nemi mai ɗauke da sinadarin fuloraid tsakanin 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa a cikin man), domin shi ke ƙarfafa ɓawon. Ma'aunin kaushin mai shi ake kira RDA, kuma Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tsayar da iyakarsa a 250. In an rubuta shi, ƙarami ya fi.

Sai buroshi mai laushi, da mai kamar girman ƙwayar wake. Ka goge a hankali, kana kewayawa daga gefen dasashi, minti 2, safe da dare. Danna buroshi da ƙarfi ba ya ƙara fari, sai dai ya janye dasashi ya tono saiwa, wadda ba ta da ɓawo ko kaɗan. Da ka gama ka tofar, kada ka kurkure, don fuloraid ya zauna.

Wajen lokacin gogewa ne aka fi yin ɓarna. Zoɓo, tsamiya, lemon kwalba da amai duk suna tausasa ɓawon na ɗan lokaci, kuma gogewa a daidai nan kankare shi ne. Ka kurkure da ruwa, ka jira aƙalla minti 30. Haɗa lemon tsami da gawayi ko gishiri, wanda ake ta yaɗawa a intanet, ya tara tsami da kaushi a lokaci guda. A guje shi.

In haƙori ya fara zugi da ruwan sanyi, ka koma man yau da kullum. Tabon da ke cikin haƙori, kamar wanda ruwa mai yawan fuloraid ke bari tun yarinta, goga ba ta fitar da shi. Wannan sai likitan haƙori ya duba.