Darasi na 9: Sa yaro mai lalura a makaranta, abin da doka ta ce da yadda za ka nemi haƙƙinsa

Malami ya fara karantawa da ƙarfi, sannan ɗalibai su bi layi-layi. Kada a yi sauri.

A kusan kowace unguwa akwai gidan da yara ke fita da safe da jaka a baya amma a bar ɗaya a tsakar gida. Wani ba ya ji, wani ba ya gani, wani shan inna ta taɓa masa ƙafa, wani kuma kansa ne ba ya ɗaukar karatu da wuri. In ka tambayi iyayen sai su ce ai wannan ba ɗan makaranta ba ne, ko su ce sun kai shi hedimasta ya ce babu malamin da zai iya da shi. To yau wannan maganar za mu duba, don da yawanmu muna ɗauka alfarma ake mana in an karɓi irin wannan yaro, alhali kuwa haƙƙinsa ne a rubuce.

Dokoki biyu ya kamata ka riƙe. Ta farko dokar ilimin bai ɗaya ce ta shekarar 2004, wadda ta ce kowane yaro a Najeriya sai ya yi firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3, kyauta kuma dole. Ba ta ce banda makaho ba, ba ta ce banda kurma ba. Har ma ta ɗora wa iyaye nauyi, wanda ya ƙi kai ɗansa za a fara ja masa kunne, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari.

Ta biyu ita ce dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Wannan ita ce mai nauyin, a nan za mu ɗan zauna. Ta ce mai lalura yana da haƙƙin karatu ba tare da an ware shi ko an tsangwame shi ba, kuma karatunsa kyauta ne har ya gama sakandare. Ta ce makarantun gwamnati tun daga firamare har jami'a a tafiyar da su yadda mai lalura zai iya shiga ya zauna da sauran yara, kuma kowace makaranta ta samu aƙalla mutum ɗaya da aka horar kan kula da karatun irin waɗannan yara. Ta ce a sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Sannan wanda ya nuna wa mutum wariya saboda lalurarsa, in mutum ne tarar naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan 1, kuma duk da haka wanda aka zalunta zai iya kai ƙara kotu ya nemi diyya. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga yadda keken guragu zai hau, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a Abuja, ita dokar ta ɗora wa samar da kayan karatunsu. Wasu jihohin ma irin su Kano da Kaduna da Filato suna da tasu dokar.

Yanzu wani zai ce malam duk wannan a takarda ne. Gaskiya ne, ba na musu, je ka firamaren unguwarku ka ga ajin da yara sun fi ɗari malami ɗaya, ga matakala a bakin aji, banɗakin ma ba a magana. Amma fa bambancin wanda ya san dokar da wanda bai sani ba shi ne, na farko in an ce masa babu wuri zai tambaya a rubuta masa dalili, na biyu kuwa sai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri ya ja hannun ɗansa su koma gida, shikenan an rufe maganar har yaro ya girma a kan titi da ƙoƙon bara.

Wace makaranta za a kai shi? Ya danganta da lalurar. Yaron da ƙafa ce kawai matsalarsa, ko zabiya da idonsa ba ya hango allo daga nesa, ko mai farfaɗiya, duk waɗannan makarantar unguwa ta ishe su, gyara kaɗan ake nema. Zabiya a sa shi layin gaba, a rubuta masa da manyan baƙaƙe, kada a tsayar da shi cikin rana lokacin asambili. Mai keke a ba ajinsu ɗakin da ba sai an hau bene ba. Mai farfaɗiya kuma a gaya wa malamai da yara cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, in ta tashi a kawar da abin da zai ji masa ciwo, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Wannan na cokalin don Allah a daina.

Makaho da kurma su ne suka fi buƙatar malami na musamman, don makaho da yatsa yake karatu, rubutun ɗigo-ɗigo ne da ake kira birel, ɗigo 6 ake jujjuyawa su ba da kowane harafi, kurma kuma sai da maganar hannu. Akwai makarantunsu, a Kano akwai ta Tudun Maliki, a Sakkwato akwai ta A.A. Raji, a Katsina akwai ta makafi a cikin gari da ta kurame a Malumfashi, Kaduna ma tana da tata, ta makafi da ke Gindiri a Filato kuwa tun 1953 take. Kuma karatun ba ya tsayawa a nan, hukumar JAMB tana shirya wa makafi jarrabawarsu ta shiga jami'a daban, akwai makafi da kurame masu digiri suna koyarwa. Abin da na fi so iyayen kurma su ji shi ne kada a jira. Da yawa sanƙarau ko ƙyanda ne ke tafiya da jin yaro, sai a yi ta yawon neman magani shekara da shekaru ana jiran ya yi magana, lokacin koyon harshe yana wucewa. A nemi maganin, amma a kai shi inda zai koyi maganar hannu tun yana ƙarami, ku ma 'yan gida ku koya, in ba haka ba yana dawowa hutu ba shi da abokin hira a gidan ubansa.

Masu cewa addini bai damu da karatun mai lalura ba su tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho ne, neman sani ya kawo shi wurin Annabi (SAW), a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka.

Ga yadda za ka yi in za ka je. Ka tafi da yaron da kansa, da takardar haihuwarsa, da takardar asibiti in akwai. Ka yi sallama ka gaisa da hedimasta cikin mutunci, ba faɗa ka je yi ba. Karanta wannan hirar, mutum biyu su tashi su yi ta a gaban aji.

Uwa: Ranka ya daɗe, yarinyata na kawo a sa ta aji ɗaya, shekararta 7, da keke take tafiya.

Hedimasta: Hajiya ki yi haƙuri, ba mu da kayan kula da irinsu a nan.

Uwa: Malam kanta lafiya lau, har ta iya ƙirga. Ajin ƙasa kawai take buƙata, yayanta zai riƙa turo ta. In kuma ba zai yiwu ba a taimaka a rubuta min dalili in kai ofishin sakataren ilimi.

Hedimasta: A'a ba sai an kai can ba, kawo takardar haihuwar mu gani.

Ba kullum ake dacewa haka ba. In ya ƙi, mataki na gaba shi ne shugaban kwamitin makaranta na unguwa, wato su mai unguwa da liman da iyayen yara, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. In ba ta mutu ba sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha wato SUBEB. Ƙungiyoyin masu lalurar ma suna da amfani sosai, sun san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa fiye da mu, har Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu na garinku kada ka raina zuwa wurinsa. Ko ina za ka je ka tafi da takarda kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a ɗaya ka dawo da ita gida ka adana, maganar baki ana musunta ta.

Aikin rubutu. Kwafi wannan a littafinka ka cike guraben:

Zuwa ga Sakataren Ilimi, Ƙaramar Hukumar ________. Ni ________ mazaunin unguwar ________ na kai ɗana mai suna ________ ɗan shekara ____ makarantar ________ ranar ________ ba a karɓe shi ba saboda yana da lalurar ________. Ina roƙon a taimaka a sama masa gurbi kamar yadda dokar 2018 ta tanada. Na gode. Sa hannu da lambar waya ________.

Aikin lissafi. Yaro ya shiga aji ɗaya yana da shekara 8, in ya yi firamare 6 da ƙaramar sakandare 3 da babbar sakandare 3 ba tare da maimaita aji ba, shekararsa nawa zai gama?

Kafin haɗuwarmu ta gaba kowa ya leƙa firamaren da ta fi kusa da gidansa ya dubo mana abu biyu, shin keke zai iya shiga aji, kuma akwai malamin da aka horar kan yara masu lalura. A rubuto amsar a jimla biyu, za mu karanta a aji.