Kurakuran da muke tafkawa wajen gwada manhajar waya da taswira

Gwaji da taswira ba wani sihiri ba ne, zana yadda manhajar take tafiya za ka yi, kowane shafi da'ira, kowane latsawa kibiya, daga shiga zuwa sa lambar OTP (lambar sirri ta amfani sau ɗaya da ake turowa ta saƙo) zuwa tura kuɗi, sai wani kayan aikin gwaji mai suna GraphWalker ya riƙa bin hanyoyin yana fitar da gwaje-gwaje, wani kuma mai suna Appium ya latsa su a kan wayar. Amma a wani ofis da na yi aiki a unguwar Yaba a Legas mun ɗauka da zafi mun watsar, kuma laifinmu ne ba na kayan aikin ba.

Na farko haɗama. Oga ya ce a zana manhajar gaba ɗaya, taswira ta koma kamar go-sulo na Oshodi, hanyoyi suka ninka har gwaji ya kwana bai gama ba. Hanya ɗaya za ka kama, wadda in ta lalace kwastoma zai zage ka, misali biyan kuɗi, ka gama da ita tukuna.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zana taswirar ranar da komai lafiya lau. Ai waya ba haka take rayuwa a Legas ba. Mutum yana cikin danfo a kan gadar Third Mainland ya latsa tura, sabis ya ɗauke, ya sake latsawa, an cire kuɗi sau biyu ko sau ɗaya? Ya fita duba OTP a saƙo, wayar itel ce mai RAM 2GB, Android ya kashe manhajar a baya, da ya dawo ina zai samu kansa? Kira ya shigo fa, ko ya juya allo? Duk waɗannan kibiyoyi ne, dole su shiga taswira. Haka maganar izini, tun Android 6.0 a 2015 mutum na iya hana ka kyamara yana tsakiyar amfani, Android 13 kuma ya ƙara da izinin sanarwa, to ka zana hanyar wanda ya ce a'a.

Wasu kuma daga kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, suke kwafo taswirar. To kuskuren da ke ciki ka kwafo kenan, gwaji zai ce komai daidai. Daga abin da ake so manhajar ta yi ake zanawa, a zauna da mai tsara manhajar.

Kar a bar wa mutum ɗaya taswirar, namu da ya samu aiki a waje ya tafi babu mai iya taɓa ta. A ajiye ta a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin canje-canje, kusa da kod, duk wanda ya canza shafi ya gyara kibiyarsa a ranar.

Sannan don Allah a rage dogaro da wayar bogi ta cikin kwamfuta. A shiga Computer Village a Ikeja a sayo Tecno da Infinix na hannu, irin wanda 'yan uwanmu na Agege da Mile 12 ke riƙewa, mai tsagaggen gilashi da memori a cike, a kansu za a saki gwajin.